Kurakuran da ke kashe jar giyar Cabernet Sauvignon a Legas

Shekara 14 ke nan ina aikin hidimar abinci a otal-otal na Legas, tun ina ɗaukar faranti har aka damƙa mini makullin ɗakin ajiyar giyar inabi. Yara da yawa da ke zuwa daga gida, daga Kafanchan, Zonkwa, Jos ko Numan, a hannuna suke koyon aikin, kuma bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya ga kowane sabon zuwa. Na san mafi yawan masu karanta Hausa ba sa taɓa giya, addini ya hana su, ina kuma girmama wannan. Da ƙannena nake magana, waɗanda abincinsu ke cikin wannan aiki, ko waɗanda maigida ya bar wa kwalabe su kula da su.

Sai ka san abin da ke hannunka tukuna. Inabin Cabernet Sauvignon 'ya'yansa ƙanana ne, fatarsa da kauri, kuma daga fatar da ƙwallon ciki ake samun baurin nan mai kama dasashi, kamar ka tauna goro ko ka kurɓi shayin da ya daɗe a wuta. Wannan bauri da ɗan tsamin da ke tare da shi su ne ƙashin bayanta, su ke sa ta iya shekaru a kwalba tana laushi a hankali. Asalinta yankin Bordo ne a Faransa. A 1997 masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka tabbatar da cewa haɗuwar inabin Cabernet Franc da na Sauvignon Blanc ce ta haifar da ita, shi ya sa wani lokaci za ka ji ƙamshin koren tattasai a cikinta. Kada ka ce wa baƙo ta lalace saboda wannan ƙamshi, gadonta ne.

Babban kuskure, wanda ya fi sauran duka a haɗe, shi ne zafi.

Wani dattijo, tsohon soja daga ƙasar Filato da ke zaune a Ikoyi, ya taɓa kawo mini kwalba 12 na yankin Pauillac da ke Bordo, ya ce in ajiye masa har bikin 'yarsa. Na jera su a wani ɗaki bayan kicin, na ce ai akwai na'urar sanyaya ɗaki, babu damuwa. Ban tambayi kowa ko wane layin wuta ɗakin yake kai ba. Cikin watan Maris babban janareta ya lalace, aka koma ƙarami, ƙaramin kuma ba ya ɗaukar wannan ɗaki. In an kawo wuta ɗakin ya yi sanyi, in an ɗauke ya koma tanda, ga bangon kicin yana ƙara masa. Makonni aka yi a haka ina shiga ina fita ban kula ba, don da safe nake leƙawa.

Ranar da Baba ya zo ɗauka, na ɗago kwalba ta farko na ji wuyanta yana danƙo. Wani jan layi ya gangaro daga ƙarƙashin murfin ya bushe a kan takardar jikin kwalbar, matoshin kuma ya ɗan turo kai sama. Na buɗe a gabansa. Launin ya koma ƙasa-ƙasa, ɗanɗanon kamar zoɓon da aka dafa sau biyu aka bari ya kwana. Muka buɗe ta biyu, haka. Bai yi mini tsawa ba. Ya dube ni ya ce, "Yarona, amana na ba ka." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, laifina ne." An yi wata biyar ana yankar albashina, amma wallahi kalmar nan tasa ta fi yankan albashin ciwo.

Ga abin da ya faru a cikin kwalbar. In ruwan ya yi zafi yana kumbura ya turo matoshi, in ya huce ya janye ya zuƙo iska ciki. Iskar nan ita ke cinye ƙamshin, zafin kuma ya dafa abin da ya saura. Wurin ajiya na kirki digiri 12 zuwa 14 yake so a ma'aunin Selshiyas, Legas kuwa daga Fabrairu zuwa Afrilu sama da 30 take kaiwa da rana. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne hawa da saukar ya fi zafin kansa ɓarna. Ɗakin da ke tsaye a digiri 18 dare da rana ya fi wanda ke 13 da safe, 30 da yamma.

Tun daga ranar na rataye ma'aunin zafi a ƙofar ɗakin, ina rubuta abin da ya nuna safe da yamma a ƙaramin littafi. Wasu abokan aiki suna ganin na cika ƙa'ida. Su gani. Duk inda na kama sabon aiki, tambayata ta farko ga mai gyaran wuta ita ce ko firjin giya yana kan inbata, in kuma ba ya kai, ba na karɓar amanar kowa. A gida, in ba ka da firjin giya mai wuta tsayayya, ka cire maganar tsufar da giya daga ranka. Ka sayi abin da za a sha cikin 'yan watanni, ka kwantar da shi a ƙasan wadrob na ɗakin da ya fi duhu, nesa da taga, nesa da kicin, nesa da bangon da janareta ke jijjigawa. A kwance, domin matoshin ya zauna a jiƙe. Mai murfin murɗawa ba ruwanta, ko a tsaye. Firjin abinci kuma na kwana kaɗan ne: sanyinsa ya yi yawa, yana busar da matoshi, ga warin kifi da daddawa. Danshin Legas ba ya cutar da matoshi, takardar jikin kwalba yake sa wa fumfuna, don haka nake naɗe masu tsada da leda.

Wani lokaci ma kafin ta iso hannunka an kashe ta. Kwantena ta zauna a rana a Apapa, motar ta kwana cikin cunkoso, mai kanti ya jera ta inda hasken rana ke dukanta. Kafin ka biya ka duba wuya: akwai danƙo? Matoshi ya turo? Ruwan ya sauka ƙasa da na 'yan uwanta? Ka duba lambar NAFDAC kuma, jabu sun yi yawa, musamman gab da Kirsimeti.

Kuskure na biyu yana ba ni haushi ƙwarai, don ina ganinsa a gidajen mutanen da ya kamata su sani. An kawo maka kwalba cikin kwandon kyautar ƙarshen shekara, ka ɗora ta a kan kabad na falo shekara 10, wai tana ƙara daraja. Ba ta ƙara komai, mutuwa take yi. Yawancin masu araha daga Chile, Afirka ta Kudu ko Ostareliya an yi su ne a sha cikin shekara 2 zuwa 4. Waɗanda ke iya shekara 10 zuwa 20 su ne masu nauyi na Médoc da ke Bordo, na kwarin Napa a Kalifoniya, da zaɓaɓɓu daga Stellenbosch ta Afirka ta Kudu ko Coonawarra ta Ostareliya, kuma ko su sai an ba su wurin da na faɗa. Ni ba na ajiye kwalba ɗaya tilo. Uku ko fiye nake saya wa maigida, a buɗe ɗaya bayan shekara biyu, in rubuta yadda baurin yake. In har yanzu yana kama baki, sauran su ƙara barci. In ya yi laushi, ƙamshin 'ya'yan itace ya fara komawa na ganyen taba da itace, lokaci ya yi, kada a jira wani biki.

To, ku samari, ku saurara nan. Wa ya ce muku a kai jar giya tebur da zafin ɗaki? Littattafan Turai ne suka faɗa, ɗakinsu kuwa digiri 16 zuwa 18 ne. Naku ɗakin na Legas ya kusa 30. Giya mai ƙarfin kashi 13.5 zuwa 15 cikin ɗari, in ta yi ɗumi haka, barasar ce kawai ke hawa hanci tana ƙona maƙogwaro, baƙo ya ce kun kawo masa jabu. Ni minti 25 nake sa ta a firji, ko minti 10 a bokitin ruwa da ƙanƙara. Akwai manyan da ke musu da ni a kan wannan, ban taɓa ganin baƙon da ya mayar da kofi saboda shi ba. Amma ƙanƙara cikin kofi, kada in gani, sai in baƙon da kansa ya roƙa.

Sai turare. Na san mu 'yan Arewa muna son ƙamshi, amma yaron da ya yi wanka da turare ya tsaya kan baƙo yana zuba giya ya toshe masa hanci. Na taɓa mayar da wani gida ya canza riga. Haka wanda ya tauna goro ko ya tsotsi alawar minti sannan ya zo ɗanɗana kwalba ya ce mini ta yi ɗaci. Yaya ba za ta yi ba? Bauri kan bauri ka ɗora. Ka kurkure baki, ka ci ɗan burodi, ka jira.

Tsohuwar kwalba tana da laka a ƙasa. Ba lalacewa ba ce, baurin ne da launi suka kwanta. Kada ka jijjiga ta kamar maganin tari. Ka tsayar da ita kwana ɗaya ko biyu, ka tsiyaya a hankali cikin butar gilashi, fitilar waya a ƙarƙashin wuyan, da ka ga lakar ta taho ka dakata. Sabuwa mai kaifi nakan bar ta awa guda a buta ta sha iska. Mai shekara 20 ba na barinta ko rabin haka, ƙamshinta da sauri yake tafiya.

Sauran ƙanana ne. Kashi ɗaya cikin uku na kofi ake zubawa, don a sami wurin juyawa da shinshinawa. A ƙafa ake riƙe kofi. In ka ji warin jiƙaƙƙen kwali, matoshi ne ya ɓata ta, ka canza wa baƙo ba gardama. Kada ka raina kwalba don ba ta Faransa ba ce: a Paris, 1976, alƙalan Faransa da aka ɓoye wa sunaye suka ɗora Stag's Leap ta Napa, girbin 1973, a kan manyan Bordo. Wadda aka buɗe a toshe ta a sa firji, kwana uku ya isa.

Abinci kuma, barkono abokin gabarta ne. Farfesu mai zafi ko tsiren da aka lulluɓe da yaji yana ninka zafin barasa da baurin, kifi kuma yana barin ƙarnin ƙarfe a baki. Nama mai maiƙo take so. In maigida zai yi baƙi nakan aika Obalende a sayo balangu, in ce wa mai naman ya ƙulla yajin daban a takarda, ya zaɓo mini wajen da ke da kitse.