Kafin ka tura wa jama'a "albashin" jarumin fim, ga yadda nake tantance lissafin

Ni akawu ne a wani shagon sarin atamfa. Aikina ke nan wuni guda: nawa ya shigo, nawa ya fita, saura nawa. Da daddare kuma sai kallon fim, tun zamanin kaset ɗin haya. Shi ya sa duk sanda musu ya kaure a teburin mai shayin layinmu kan wane jarumi ya fi wane kuɗi, ni ake miƙo wa waya. Kwanakin baya ƙanena ya tsinto wani tsohon labari da ke sake yawo a WhatsApp, ya zo da saurinsa ya ce, "Yaya, ka ga wannan kuwa? George Clooney, dala miliyan 239 a shekara ɗaya! Fim nawa ya yi haka?" Na ce ya zauna ya sha shayinsa tukuna. Adadin gaskiya ne, mujallar Forbes ce ta fitar da shi a 2018. Sai dai a shekarar mutumin bai fito a wani babban fim ba. Yawancin kuɗin na Casamigos ne, kamfanin barasar da shi da abokansa biyu suka sayar wa kamfanin giya na Diageo a 2017, dala miliyan 700 a hannu, da alkawarin ƙarin miliyan 300 idan kasuwa ta yi kyau. Kuɗin giya ne aka rubuta a ƙarƙashin hoton ɗan fim.

To daga nan nake farawa. Idan ka ga adadi, ka fara tambaya: na fim guda ne, ko na shekara ne gaba ɗaya? Jerin da Forbes ke fitarwa na shekara ne, kuma ƙiyasi ne, ba rasit ba. Suna tara kuɗin fim, da na talla, da na shirin talabijin, wani lokaci har da cinikin da ba ruwansa da kyamara. Lokacin da suka ce Dwayne Johnson ya samu dala miliyan 87.5 a jerin 2020, ai haɗe yake da kuɗin kayan motsa jikin da ake sayarwa da sunansa. Akshay Kumar na Indiya ya shiga wannan jerin da miliyan 48.5, kuma kaso mai tsoka daga tallace-tallace ya fito. Kwatanta irin wannan da abin da aka biya wani a fim ɗaya tamkar auna tiya da mudu ne.

Idan ka tabbatar na fim guda ne, sai ka shiga inda maganar take da daɗi. Kuɗin babban jarumi a Hollywood hawa biyu ne. Akwai na hannu, wanda ake ba shi ko fim ya yi kasuwa ko ya kwanta. Tun da aka biya Jim Carrey dala miliyan 20 a fim ɗin The Cable Guy a 1996, wannan adadin ya zama kamar farashin manya, kuma shekaru masu yawa bai gusa sosai ba. Sai kuma kaso, wanda ke zuwa daga baya. Yawancin adadin fim guda mai firgitarwa da ka taɓa gani, daga kaso ya fito. Robert Downey Jr. an ce dala dubu 500 ya karɓa a Iron Man na 2008, amma a Avengers: Endgame na 2019 aka ƙiyasta masa wajen miliyan 75: miliyan 20 a hannu, sauran kaso. Tom Cruise ma kusan miliyan 100 da ake faɗa masa a Top Gun: Maverick na 2022 ba albashi ba ne. Fim ɗin ya yi cinikin da ya kusa dala biliyan 1.5, shi kuma yana da rabonsa a ciki.

Amma kaso daga me? Duk wanda ya taɓa haɗa jari da wani a kasuwa ya san bambancin ciniki da riba. Idan abokin harkarka ya ce zai ba ka kashi 5 cikin 100 na ciniki, kowace turmin atamfa ta fita kana da naka. Idan ya ce na riba, to sai ya cire kuɗin haya, da na mota, da na yaran shago, da na man janareta, kuma shi ke riƙe da littafin. A Hollywood ma haka abin yake, sai dai su littafinsu ya fi namu iya rawa. Misalin da nake bai wa kowa shi ne Forrest Gump na 1994, wanda ya yi cinikin sama da dala miliyan 670. Tom Hanks da daraktan fim ɗin, Robert Zemeckis, sun karɓi kasonsu daga ciniki, kowa ya kwashi gomman miliyoyi. Shi kuwa Winston Groom, marubucin littafin da aka yi fim ɗin da shi, an ba shi dala dubu 350 da alkawarin kashi 3 cikin 100 na riba. Da takardar lissafi ta zo daga Paramount, kamfanin da ya yi fim ɗin, sai ga fim ɗin wai yana cikin asara. Yadda ake yi kuwa ba sihiri ba ne. Kamfani zai caji fim ɗinsa da kansa kuɗin rarrabawa, wajen kashi 30 cikin 100, ya ɗora kuɗin talla, ya ɗora kuɗin ofis, ya ɗora kuɗin ruwa a kan jarin da ya zuba, sannan ya lissafa kason su Hanks a cikin abin da aka kashe. Kafin a iso layin riba tukunya ta ƙone. A matsayina na akawu, ran da na fara fahimtar wannan sai da na ajiye biro na yi dariya ni kaɗai.

Saboda haka idan labari ya ce "yana da kashi kaza", ka nemi kalmar da ke biye. Idan ba su faɗa ba, ka ajiye adadin a gefe.

Akwai kuma ƙananan tarkuna biyu a nan. Kuɗin da ake cewa fim ya yi a sinima ba duka ke komawa wa kamfani ba. Gidajen sinima suna riƙe kusan rabi, a ƙasar Sin ma kashi ɗaya cikin huɗu kawai ke dawo wa kamfanonin Amurka. Kason jarumi daga abin da ya dawo ake cire shi. Na biyu, sau da yawa kuɗin hannun kafin alƙalami ne, ba ƙari ba. Sandra Bullock a Gravity na 2013 ta yi yarjejeniyar miliyan 20 a hannu da kashi 15 cikin 100 na ciniki, amma sai kason ya haura miliyan 20 ɗin nan sannan ƙari zai fara shigo mata. Fim ɗin ya wuce miliyan 700, aka ƙiyasta ta tashi da miliyan 70 ko fiye. Kar ka tara ashirin a kan saba'in, tana ciki.

Zuwan su Netflix ya ɗan birkita tsarin, tunda babu tikiti balle a yi maganar ciniki. Sai su sayi kason tun farko, su biya dunƙule. Shi ya sa za ka ji an ce Daniel Craig zai karɓi kusan miliyan 100 a fina-finai biyu na cigaban Knives Out. Rikicin Scarlett Johansson da Disney a 2021 ma daga nan ya taso: an saki Black Widow a sinima da manhajar kallo ta Disney+ rana ɗaya, ita kuma ladanta ya rataya ne a kan cinikin sinima. Ta kai ƙara a watan Yuli, kamfanin ya fito ya ce ai ya riga ya ba ta miliyan 20, suka sasanta a ƙarshen Satumba.

Daraktoci kuwa, ka duba hula nawa mutum ya sa a fim ɗin. Kusan miliyan 100 da aka ƙiyasta wa Christopher Nolan a Oppenheimer na 2023, ai shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, kuma yana cikin furodusoshi. Steven Spielberg an ce ya samu wajen miliyan 250 daga Jurassic Park na 1993, ta hanyar kaso. Wanda ya fi burge ni shi ne George Lucas, da ya haƙura da neman ƙarin kuɗin darakta a Star Wars na 1977, ya riƙe haƙƙin yin cigaban labarin da na kayan wasan yara. A 2012 ya sayar wa Disney kamfaninsa Lucasfilm a kan dala biliyan 4 da 'yan kai. Wannan kuɗin mai kaya ne, ba na ɗan kwangila ba. Darakta na haya, wanda aka kira ya ɗauki fim ya tafi, bai ko kusa da nan.

Yanzu ɗauko kalkuleta, mu yi abin da na yi wa ƙanena a bayan kwalin madara. Rubuta miliyan 20. Dillalin da ke samo wa jarumi aiki yana da kamashon kashi 10, miliyan 2 sun tafi. Manaja, idan yana da shi, wasu kashi 10, saura 16. Lauya kashi 5, saura 15. Forbes da kansu sun koma cire wannan a jerinsu na baya-bayan nan: a na 2023 sun ce Adam Sandler ya tara miliyan 97, suka rubuta masa 73. Idan ka duba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne ya fita. Tsofaffin jerin ba su cire ba, don haka kar ka jera adadin 2019 da na 2023 ka ce wane ya faɗi. Sai haraji. Mafi girman harajin gwamnatin tarayyar Amurka kashi 37 ne, jihar Kalifoniya kuma tana da nata har 13.3. Miliyan 15 ɗin nan ta koma wajen 8. Kuɗi ne har yanzu, Allah ya ba mu ko ƙurarsa, amma bai kai rabin abin da ke kan hoton ba.

Mu da muka tashi da fina-finan Indiya akwai wani wurin da muke zamewa, wato kalmar crore. Na sha ganin an fassara ta da miliyan, har da dala a gaba. Crore ɗaya rufi miliyan 10 ne, lakh kuma dubu 100. A 2023 da 2024 dala ɗaya tana wajen rufi 83, don haka idan aka ce jarumi ya karɓi crore 100, rufi biliyan ɗaya ke nan, kusan dala miliyan 12. Can ma manyan sun koma cin kaso. Amir Khan ya sha faɗa da bakinsa cewa ba ya karɓar kuɗin aiki, sai fim ya mayar da uwar kuɗi sannan ya ɗauki rabonsa. Tunda sau da yawa yana cikin masu shirya fim ɗin, littafin ba a ɓoye yake gare shi ba, sabanin Groom. Sharu Khan kuma yana da kamfanin Red Chillies da hannun jari a ƙungiyar kurket ta Kolkata Knight Riders, don haka idan ka ga ƙiyasin dukiyarsa, ba kuɗin rawa da waƙa kaɗai kake kallo ba. Dukiyar da mutum ya mallaka daban, abin da ya samu a shekara daban, amma masu haɗa hotunan nan na Facebook cakuɗa su suke yi.

Da ƙanena ya ga miliyan 8 a bayan kwalin, sai ya ce to ai ko ƙaramin ɗan wasa a can ya warke. Na tuna masa yajin aikin ƙungiyar 'yan wasan Amurka, SAG-AFTRA, na 2023, wanda ya ɗauki kwana 118. Mambobinta kusan dubu 160 ne. A lokacin sai mutum ya samu dala 26,470 a shekara daga aikin kafin ya cancanci inshorar lafiya ta ƙungiyar, kuma waɗanda ke kai wa haka ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Ko a fim guda ratar tana nan: da aka sake ɗaukar wasu fitowa na All the Money in the World a ƙarshen 2017, an biya Mark Wahlberg dala miliyan 1.5, Michelle Williams kuma abin da bai kai dala 1,000 ba. Sai da magana ta fasu ya bayar da nasa kyauta.

Ya yi shiru, ya karɓi kwalin ya sake duba lissafin, sannan ya buga miliyan 8 sau farashin dalar ranar a wayarsa. Sifirin suka cika fuskar wayar har sai da ya kwantar da ita a kaikaice. Mai shayi ya leƙo ya gani, ya ce masa, "Malam, ɗari uku ne kuɗinka, har da na jiya."