Yadda Ake Juyen Baƙin Mai A Mazda MX-5 Ta 1989

Da farko tada injin ya ɗumama na minti biyar, mai ya fi zubowa da ɗuminsa. Kashe, ɗaga motar, ka tokare ta da kyau.

Tara roba, kwance notin ƙasan inji, bari ya tsiyaye tas.

Nan ake ɓarna: wurin ɗaure notin. Sa sabuwar wosha, fara murzawa da yatsu, sannan ka ɗauko sifana mai awon ƙarfi, ka saita ta tsakanin Nm 30 da 41 (Nm, wato newton-mita, shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri). Na taɓa ganin zaren noti da aka cinye da ƙarfin tuwo, abin ba daɗi.

Cire tsohuwar filtar mai, shafa mai a robar bakin sabuwar filta, ɗaure da hannu kawai. Zuba baƙin mai samfurin 10W-30 lita uku, tada, kashe, duba gejin mai, ka cika sauran.