In mota ta yi "tak tak" ta ƙi tashi, ku duba kan batir tukuna

Salamu alaikum 'yan uwa masu tsofaffin motoci. Kar ku yi gaggawar sayen sabon batir, ku fara buɗe kapo ku dubi kawunansa biyu.

In kun ga wani farin gari ko kore-kore ya taru a kai, to shi ne ke tare wuta. Fitila da rediyo za su kama tunda ba su cin wuta sosai, amma dimarer, wato abin da ke juya inji mota ta tashi, yana son wuta mai yawa lokaci guda, datti kaɗan ya isa ya hana shi juyawa.

Ni Starlet ɗina ta yi min haka a hanyar Mirriya da rana tsaka, har na fara lissafin kuɗin batir a raina, wani dattijo mai gyara ya ce ɗana kawo kile 10. Ya kwance waya mai alamar (-) da farko, sannan mai (+), ya jiƙa kanwa a ruwan ɗumi ya wanke, garin nan yana ta kumfa, ya goge da samfefa har ƙarfe ya yi haske ya ɗaure tam ya shafa giris kaɗan. Bugu ɗaya ta tashi wallahi.

Wajen mayarwa (+) ake fara ɗaurawa. Kuma ku kula ruwan kanwar kar ya shiga cikin batir.

Amma in kun wanke, kuna murza makulli fitila na dushewa, batir ɗin ne ya yi sanyi, a auna shi, cikakke yana nuna wajen volt 12.6. In ko fitila na haske garau amma shiru, ku kai dimarer gun mai wuta.