Darasi na 9: Ciwon Suga da Ruɓewar Ƙashin Muƙamuƙi

Ɗora yatsanka a kan kumatunka, kusa da hanci. A ƙarƙashin yatsan akwai ƙashi, a cikin ƙashin kuma akwai kogo mai iska wanda yake haɗe da hanci. Saiwoyin haƙoranka na sama suna dab da wannan kogo. Shi ya sa ciwon da ya fara kamar mura kan gangaro ya kama muƙamuƙi.

Akwai wata funfuna da ke cikin ƙasa da taki da ruɓaɓɓen ganye. Kullum muna shaƙar ta, jikin mai lafiya yana kashe ta. Amma idan suga ya yi yawa a jini, garkuwar jiki takan yi rauni. Sai funfunar ta zauna a kogon, ta toshe hanyoyin jini. Ƙashin da jini ya daina kai masa kuwa mutuwa yake yi. A shekarar 2021, lokacin annobar korona, wannan cuta, wadda likitoci ke kira mucormycosis, ta kama mutum sama da 40,000 a Indiya, yawancinsu masu ciwon suga. Ba a ɗaukar ta daga jikin wani.

Ga abin da ke ruɗar mutane: kama take da ciwon haƙori. Mai ciwon suga zai ji ɓari ɗaya na fuskarsa yana zogi ko ya mutu murus, haƙoran sama biyu ko uku suna girgiɗi lokaci guda, dasashi yana fitar da mugunya mai wari. Sai a cusa kanunfari, a sayo maganin kashe zafi a kemis, a jira. Wannan jiran shi ya fi damuna. Idan baƙin ɓawo ya fito a hanci ko a ganɗa, ko ido ya kumbura, a tafi asibiti a ranar, domin cutar tana iya kaiwa ido da ƙwaƙwalwa cikin kwanaki.

A Bauchi akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, a Gombe akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya. Da isarka ka ce: "Likita, ina da ciwon suga." Za a ɗauki hoton kai, a cire mataccen ƙashin, a ba da magani ta jijiya na makonni, a saukar da sugan.

A guji shan maganin deksametason don neman ƙiba. Yana ɗaga suga, yana karya garkuwar jiki.

Aiki: Rubuta ranar da aka gwada maka suga na ƙarshe, da lambar da ta fito. Idan ta kai 7 a ma'aunin mmol/L (wato 126 a ma'aunin mg/dL) kafin karin kumallo, nuna wa ma'aikacin lafiya.