Yadda za ka zaɓi na'urar auna tsayi ta mota in kana hawa Mambila

Direbobinmu na Gwaram da Birnin Kudu masu kai kaya Jos da Gembu, ku saurara.

Da farko, na'urar nan da ke nuna tsayin wuri daga matakin teku iri biyu ce, mai matsin iska da mai GPS. Ni mai iska na fi so don ko cikin kwazazzabo tana aiki, amma fa in hadari ya taso lambarta gocewa take sai ka sake saita ta.

Na biyu, duba tana kai mita 3000, kuma mita take ƙirgawa ba ƙafa ba.

Sai gwaji, ya kamata a Kano ta nuna wajen mita 480, a Jos wajen 1200.

Sannan ka maƙala ta inda rana ba ta dukanta, wallahi zafi rikita lissafinta yake.