Darasi na 9: Hawainiya ta ƙi cin abinci

Wannan darasin ba ni na zaɓo shi ba, ɗaya daga cikinku ne ya jawo shi. Ran Talata bayan la'asar muna tsakiyar karatu wani dattijo mai lambu a bakin gulbi, wanda ke zama can baya kusa da taga, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, gafarta, ina da tambaya amma kar a yi mini dariya." Na ce, "Baba faɗi mana, ai ajin naka ne." Sai ya ce jikansa ne ya kamo hawainiya a kan zogale, ya saka ta cikin tsohon bokitin fenti, yau kwana shida ko ƙuda ba ta ci ba, yaron kuma ya hana kowa sakat da kuka. Dariyar da ya ce kar a yi ita aka yi, wata Hajiya har tana cewa to hawainiyarsa dai ta kiyayi ramarta. Ni kam washegari da safe na hau babur na je na gani.

Na buɗe murfin bokitin na tarar da ita kwance a ƙasa ta yi baƙi ƙirin kamar gawayi, idanun nan nata masu juyawa kowane gefe sun faɗa ciki. Gefenta akwai murfin kwalba cike da ruwa, da ɗan gutsuren tuwo, da soyayyar fara guda biyu har da yajinta, irin wadda ake sayarwa a bakin babbar kasuwa. Yaron ya yi iya ƙoƙarinsa wallahi, abin da shi yake so ya ba ta. Matsalar ita ce cikin abubuwan nan uku babu ɗaya da hawainiya ta sani a matsayin ci ko sha.

Hawainiya abu mai rai take ci, mai motsi. Fara, gyare, ƙuda, kyankyaso, tsutsa. Tana tsayawa cik a kan reshe, ta haɗa idanunta biyu a kan ƙwaron, sai ta harbo harshe wanda tsawonsa ya kai jikinta ko ya fi, ta janyo shi kafin ka ƙifta ido. In abu bai motsa ba, a wurinta tamkar dutse ne. Girman ƙwaron kuma kada ya wuce faɗin kanta. Ƙarama kullum take ci, babba kuwa in ta ci yau ta huta gobe ba komai ba ne, don haka kwana ɗaya ko biyu ba abin tada hankali ba ne. Amma a kula da inda ake kamo farar. Duk gonar da aka yi wa feshi, ko ɗakin da aka zuba piya-piya, ƙwarinsa guba ne a gare ta, kuma masu lambu irin na Jiratawa da ke kusa da Maraɗi sun fi kowa sanin yawan feshin da ake yi.

Sai ruwa, wanda a ganina shi ne ya fi kashe su a hannun yara. Hawainiya ba ta shan ruwa a kwano. A daji raɓa take lasa da ɗigon ruwan sama a kan ganye, in ka aje mata ruwa a murfi za ta iya mutuwa da ƙishirwa tana kallonsa. Kuma wadda ƙishirwa ta kama ba ta cin abinci. To sai a sami gorar roba a huda murfinta da allura a riƙa yayyafa wa ganyen da take kai safe da yamma, ko a rataye gorar a sama ta riƙa ɗiga a hankali a kan ganye. Yadda za ka gane tana samun ruwa, ka duba kashinta. Yana fitowa da ɗan fari a gefe kamar na kaza. In farin nan fari ne tas, lafiya lau. In ya koma rawaya ko ruwan goro, idanu kuma sun zurma, ruwa ya yi mata kaɗan.

Da muka yayyafa wa reshen zogale ruwa muka ɗora ta, ta daɗe ba ta motsa ba, can sai ga baki yana buɗewa a hankali tana lasar ganyen. Dattijon ya ce, "Ikon Allah, ashe ƙishirwa ce." Na ce, "Baba, ƙishirwa ce da bokiti."

Bokitin nan laifinsa da yawa. Hawainiya jikinta ba ya yin ɗumi da kansa kamar namu ko na akuya, daga rana take samu, kuma in jikin bai yi ɗumi ba abincin ba ya narkewa, sai ta daina nema. Shi ya sa lokacin ɗari, watan Disamba da Janairu da hunturu ke busawa, za ka ga ta rage ci sosai. Lokacin bazara kuma, Afrilu da Mayu da zafin Maraɗi ke wuce digiri 40, bokitin roba a rana tanda ce kawai, in ka ga ta buɗe baki ta bar shi a buɗe to zafi ya yi mata yawa, a kai ta inuwa maza. Abin da ya dace shi ne keji mai tsawo na waya mai raga irin ta taga, iska na shiga ta ko'ina, da rassa da ganye a ciki, a aje shi inda hantsi ke taɓa gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma inuwa, ita za ta zaɓa da kanta. Ranar ta zama ta gaske, ba wadda ta ratso gilashi ba, don gilashi yana tare ɓangaren hasken da ke taimaka mata ƙarfafa ƙashi. In ta daɗe ba ta samun wannan hasken, ƙafafu su lanƙwashe, muƙamuƙi ya yi laushi, harshen ma ya daina kaiwa inda ta harba. Don ƙarfin ƙashin nan ne masu kiwonta sukan barbaɗa wa ƙwarin garin ɓawon ƙwai da aka daka ya yi laushi sosai, su kuma ciyar da farar ganyen zogale ko karas kafin su ba ta.

Sannan ba ta son mutane, wannan a faɗa wa yara ƙarara. Ba kyanwa ba ce. Ɗauka da shafawa da taron yara suna tsokanarta da kara don su ga ta canza launi, duk tsoro suke ba ta, baƙin nan da ta yi a bokiti launin wahala ne. Ko 'yar'uwarta ba ta so a keji ɗaya, mai ƙarfin za ta hana ɗayar ci. Cizonta ba shi da dafi duk da abin da muka taso muna ji, amma in an taɓa ta ko an share kejinta a wanke hannu da sabulu, don dabbobi masu jan ciki na ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa zawo.

Akwai ƙin cin da ba cuta ba ne. In za ta yi saɓa kamar maciji, fatar ta yi fari-fari tana ɓarewa, takan bar abinci na ɗan lokaci, kar a ja mata fatar. Macen kuma in ta ɗauki ƙwai, ciki ya yi girma, tana saukowa ƙasa tana tono, takan daina ci gab da nasawa. A saka mata tukunya mai yashi mai danshi, zurfin kamar taƙi ɗaya ko fiye, a ba ta wuri. In ba ta sami inda za ta binne su ba sai ta riƙe su a ciki, hakan na kashe ta.

Wadda za a kai wa likitan dabbobi ita ce mai rufe ido da rana tsaka, ko mai ruɓa da kumfa a baki, ko mai faɗowa daga reshe, ko wadda ta kai mako ba ta ci ba bayan an gyara ruwa da rana. Waɗanda aka kamo a daji sau da yawa akwai tsutsar ciki. Likitocinmu sun fi sabawa da shanu da kaji da jar akuyar Maraɗi, amma dai sun fi mai ɗura mata farasitamol ko maganin kaji a gida, kuma kar a ɓare mata baki da ƙarfi a tura abinci. Ni shawarar da na ba dattijon ita ce in ta farfaɗo a mayar da ita kan zogalen da aka ɗauko ta, tana ma cinye masa ƙwari kyauta. A Nijar akwai dokar 1998 kan farauta da kare namun daji, mai son ajiye irin wannan dabba ya fara tambayar ma'aikatan gandun daji. Jikan bai ji daɗin shawarar ba, ya ce sai ta ci fara a gabansa tukuna.

Yanzu kowa ya buɗe littafinsa ya rubuta waɗannan kalmomin sau uku, a kula da lanƙwasar ƙ da ɓ: hawainiya, ƙwaro, ƙishirwa, raɓa, saɓa, ɓawo.

Tambayoyi, a amsa da baki tukuna sannan a rubuta. Me ya sa hawainiyar ba ta taɓa soyayyar fara ba? In farin kashinta ya koma rawaya, me ya yi mata kaɗan? Ga lissafi kuma: babbar hawainiya tana cin fara 4 yau, ta huta gobe, ta ci jibi, a haka har kwana 14. Fara nawa yaron zai kamo? Wanda ya gama ya kawo allonsa in duba.