Darasi na 9: Kumburin Jijiyar Saifa da Komawa Ɗaukar Hoto

Ɗora hannunka a gefen hagu, ƙarƙashin haƙarƙari. Nan saifa take. Aikinta tace jini da taya jiki yaƙi da ƙwayoyin cuta. Akwai wata jijiya mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke kai mata jini. Wani lokaci bangon jijiyar yakan yi rauni a wuri ɗaya sai ya kumbura, kamar yadda tiyub ɗin keke ke yin ƙullutu inda roba ta sirance.

Ya fi samun mata, musamman waɗanda suka yi haihuwa da yawa, sai masu daɗaɗɗen ciwon hanta. Yawanci ba ya ciwo ko kaɗan, sai an je hoton ciki don wata lalura daban a ci karo da shi. In ƙarami ne, likita kan sa masa ido kawai. In ya wuce santimita 3, wato kusan faɗin yatsu biyu, ko aka ga yana ƙaruwa, sai a yi magani. Mace mai ciki ko mai shirin ɗaukar ciki kuwa ba a jira ya girma, domin fashewarsa da juna biyu na iya halaka uwa da ɗa.

Mu ɗauki misalin wata baiwar Allah mai sayar da dankalin Turawa a kasuwar Terminus da ke Jos, wadda aka gano tana da wannan kumburi. Da ta ji maganar aiki, sai jikinta ya yi sanyi. Likita ya ce mata, "Mama, ki kwantar da hankalinki, ba farke ciki za a yi ba."

Ga yadda ake yi. Ana kashe zafin wuri a matsematsi, a zura siririn bututu cikin jijiyar jini, likita na kallon tafiyarsa a allon na'ura har ya isa kumburin. Daga nan a cusa wasu siraran wayoyi masu naɗewa kamar sifirin. Jini ya daskare a kansu, ƙullutun ya toshe. Wani lokaci kuma ƙaramin bututu ake shimfiɗawa a ciki, jini ya riƙa wucewa ta nan. To saifar fa, ba za ta mutu ba? Galibi a'a. Akwai ƙananan jijiyoyi ta wajen tumbi da ke ci gaba da kai mata jini, kamar yadda 'yan Keke Napep ke bin lunguna in an rufe titin Ahmadu Bello. Ba kowane asibiti ke wannan aiki ba. Babban asibiti irin asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo zai duba ka, ya faɗa maka inda za ka dosa.

Bayan aiki za a kwanta miƙe na wasu sa'o'i don ramin allura ya rufe. Ɗan zazzaɓi da ciwon gefen hagu na 'yan kwanaki ba baƙon abu ba ne, amma a sanar da likita.

Inda nake so mu tsaya sosai shi ne nan. Mama ta warke, ta koma kan tirenta, ba ciwo ba komai. Sai zuciya ta ce mata kuɗin hoto asara ne. Wallahi ba asara ba ne. Jini na iya sake samun kafa ya koma cikin ƙullutun ba tare da ta ji komai ba, kuma hoto ne kaɗai zai nuna. Cikin nau'o'in hoton cikin jiki, likita zai zaɓi sikanin, ko CT, ko MRI, domin wayoyin ƙarfen kan yi ƙyalli a hoton CT su rufe abin da ake son gani. Mai ciwon ƙoda, ko mai ciki, ya faɗa tun kafin a sa masa ruwan allurar hoto. A adana tsofaffin hotuna cikin leda, a je da su kowane zuwa, don da su ake gwada sabon.

In ciwo mai tsanani ya taso farat ɗaya a gefen hagu, ya harba zuwa kafaɗar hagu, ga jiri ga zufa mai sanyi, a nufi asibiti nan take. Ko ciwon ya lafa a hanya, kada a juya gida.

Aikin yi: ka kawo katin asibiti na wani a gidanku, da izininsa. Nemo ranar komawa, ka karanta ta da ƙarfi, ka rubuta rana da wata da shekara a littafinka.